Babi na Shida: Falon Filin Jirgi, a Shiga Ko a Wuce?

Matafiyi ya auna kayansa, ya karɓi takardar shiga jirgi, jami'in shige da fice ya buga masa hatimi, an laluba jakarsa an miƙo masa. Daga nan ba shi da sauran aiki sai jira. Yana tafe tsakanin shagunan turare da na agogo, sai ya ga allo da kibiya tana nuna hawa bene ko wani lungu, inda akwai ƙofar gilashi da ma'aikata a bayan kanta. A cikin ƙofar akwai falo: kujeru masu taushi, abinci a jere wanda mutum ke zuba wa kansa, shayi da lemo, wurin caji a gefen kujera, banɗaki mai tsabta, wani wurin har da ɗakin wanka. Wasu da tikitinsu suke shiga, wasu da katin banki, wasu kuma sai sun zaro kuɗi. In aka cire maganar biza da ta kuɗin tikiti, tambayar da 'yan'uwa suka fi yi mini ita ce ko shiga falon nan ya kai kuɗinsa.

Amsar ta fi dogara ga inda mutum yake a cikin tafiyarsa fiye da nauyin aljihunsa. Wanda ya tashi daga gidansa a Kano ko Yamai, ya yi wanka, ya ci ya ƙoshi, ya iso filin jirgi da ƙarfinsa, abin da falo zai ƙara masa bai taka kara ya karya ba. Amma wanda ya riga ya kwashe awa biyar a sama, ya yada zango a ƙasar da bai san kowa ba, ga jira na awa biyar, ga wata tafiyar ta awa goma a gabansa, wannan kam zai iya samun falo ya zama abu mafi amfani da ya kashe wa kuɗi a duk tafiyar.

Asalin abin daga Amurka ya fito. A 1939 kamfanin American Airlines ya buɗe wani ɗaki a filin jirgin LaGuardia da ke New York, ya sa masa suna Admirals Club. Shugaban kamfanin na lokacin, C. R. Smith, yana neman hanyar karrama mutanen da ke goya wa harkar jirgin sama baya, a zamanin da jama'a da yawa ke tsoron hawansa. Ba a sayar da shiga, sai wanda aka gayyata. Haka aka tafi kusan shekara talatin, har ƙorafin nuna bambanci ya yi yawa, sannan a 1967 kamfanin ya buɗe ƙofa ga duk mai iya biyan dala 25 a shekara. Tun daga tushe ke nan falo yana da fuska biyu, ta hutu da ta girmamawa, kuma har gobe da su biyun ake tallarsa.

Sauyi babba ya zo a shekarun 1990. A 1992 aka kafa Priority Pass, wanda dabararsa ita ce ya ƙulla yarjejeniya da masu falo a ƙasashe daban-daban, ya sayar wa matafiyi kati ɗaya mai buɗe su duka, ko da wane kamfanin jirgi mutum ya hau, ko da kuwa a kujerar can baya ya zauna. A yau katin yana buɗe falo fiye da 1,300 a duniya. A 1998 kuma wani ɗan kasuwa, Song Hoi See, ya buɗe Plaza Premium a Hong Kong da Kuala Lumpur, falon da ba na wani kamfanin jirgi ba, wanda kowa zai biya a bakin ƙofa ya shiga. Bankuna suka hango riba, suka fara haɗa wa manyan katunansu damar shiga falo domin jan abokan hulɗa. Ta haka ɗakin da a da sai an gayyace ka ya koma haja kamar kowace.

Hanyoyin shiga a yau sanannu ne. Mai tikitin babban aji yana shiga falon kamfaninsa ba tare da an tambaye shi komai ba, domin kuɗin yana cikin tikitin. Shi ba shi da abin shawara, ya shiga kawai. Sai mai yawan tafiya da kamfani ɗaya har ya kai wani matsayi a tsarin tara maki. Wannan hanyar ce nake ganin 'yan kasuwarmu suna asararta ba gaira ba dalili. Mutum zai riƙa zirga-zirga tsakanin Kano da Guangzhou, yana zuwa baje kolin Canton na watan Afrilu da na Oktoba, yana komawa tsakani domin loda kwantena, duk a jirgin Ethiopian Airlines, amma bai taɓa yin rajistar ShebaMiles, tsarin tara makin kamfanin, ba, alhali kyauta ake yi. Sau da yawa wakilin da ke yanka masa tikiti ne bai damu ya saka masa lamba ba. Ethiopian ya shiga ƙawancen Star Alliance a 2011, bayan Turkish Airlines da EgyptAir da suka shiga a 2008. Wanda ya kai matsayin zinare a ɗaya daga cikinsu yana shiga falon sauran kamfanonin ƙawancen duk lokacin da yake tafiya da su, ko tikitinsa na ƙaramin aji ne, kuma yana da damar shiga da baƙo ɗaya da suke tafiya tare. Ɗan kasuwar da ya raba tafiye-tafiyensa tsakanin kamfanoni huɗu saboda bambancin kuɗi kaɗan ba zai taɓa kai wannan matsayi ba.

Katin banki kuwa sai an buɗe ido. Wasu manyan katunan Visa da Mastercard suna zuwa da tsarin shiga falo na LoungeKey ko DragonPass, kuma ma'aikacin banki zai ce maka katinka yana shiga falo. Gaskiya ne yana shiga, amma sai ka tambaya: shiga nawa ne kyauta a shekara, kuma bayan sun ƙare nawa ake cira? Akwai katin da ko shigar farko ma ba kyauta ba ce, sai dai a goga shi a bakin ƙofa, ba a karɓi komai a hannunka ba, bayan kwana biyu ka ga an zare dala talatin da wani abu daga asusunka. In ka shiga da iyali, kowane kai da kuɗinsa. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma katin da ke ba da falo kyauta da gaske yakan zo da kuɗin shekara mai nauyi.

Yanzu mu zo ga wanda zai biya daga aljihu, domin shi ne mai tambayar gaske. A yawancin manyan filayen jirgi kuɗin shiga falo mai zaman kansa yana kaiwa tsakanin dala 35 zuwa 60, kuma galibi na awa uku ne. Mu ɗauki dala 40. Bayan an saki naira ta nemi farashinta a tsakiyar 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024. A wannan lissafi dala 40 naira 60,000 ce, a shekarar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya a kan naira 70,000. Magidanci da matarsa da yara biyu da suka wuce shekarun shiga kyauta, dala 160 ke nan, naira 240,000, domin zaman awa uku. Wanda kuma zai yanki katin Priority Pass da kansa, ƙaramin tsarinsu a 'yan shekarun nan dala 99 ne a shekara, sannan kowace shiga dala 35. Mai tafiya sau ɗaya a shekara, zuwa da dawowa, ya shiga sau biyu, ya kashe dala 169, wato kowace shiga ta tsaya masa fiye da dala 84. Da a bakin ƙofa ya biya, da ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba. Tsarin dala 329 mai shiga goma sai ga wanda ya tabbata zai cinye goman.

Me ake samu da kuɗin? In abinci ne kawai, lissafin ba ya fita. Da dala 15 zuwa 20 mutum zai ci abinci mai zafi a gidajen abincin da ke cikin filin, kuma ya zaɓi abin da ransa yake so. Abincin ƙananan falo ba wani abin a zo a gani ba ne: miya, shinkafa ko taliya, 'yar kaza, burodi, 'ya'yan itace. Akwai falon manyan kamfanoni da suka yi suna wajen girki, kamar na Turkish Airlines a Istanbul inda ake gasa nama da toya burodi a gabanka, ko Al Mourjan na Qatar Airways a Doha, amma waɗannan na masu babban tikiti ne ko masu matsayi, ba su ne katin banki ke buɗewa ba.

Akwai kuma wani abu da Musulmi ya kamata ya sa a lissafi. A yawancin ƙasashe, giya kyauta tana cikin manyan abubuwan da ake tallata falo da su, kuma kuɗinta yana cikin abin da kowa ke biya a ƙofa. Bature mai shan kofi biyu ko uku kafin jirgi yana ganin ya ci riba, domin a mashayar waje da ya biya mai yawa. Kai da ba ka sha ka biya kuɗi ɗaya da shi, ka tashi da shayi da ruwan lemo. A Turai da Sin ma, wani lokaci rabin abin da ke kan teburin sai ka tsallake shi saboda naman alade ko naman da ba ka san yankansa ba. A ƙasashen Larabawa da Turkiyya matsalar nama ba ta tasowa, a Saudiyya kuwa babu giyar ma gaba ɗaya. Mai azumi da ya zaɓi kada ya ɗauki rangwamen matafiyi, in jiransa da rana ne, abincin duk bai shafe shi ba.

To ina amfanin yake? Yana wurin jiki, kuma an fi ganinsa a tsakiyar doguwar tafiya. Mu ɗauki hanyar da 'yan Kantin Kwari da masu harkar waya suka fi sani. Jirgi ya tashi daga Kano da rana, ya sauka a filin Bole na Addis Ababa bayan kusan awa biyar, dare ya fara. Garin yana kan tudu mai tsayin fiye da mita 2,300, saboda haka wanda ya fito da 'yar shara daga zafin Kano zai ji sanyi yana ratsa shi. A daidai wannan lokacin jirage daga sassan Afirka suke sauka ɗaya bayan ɗaya, domin su haɗa fasinja da masu tashi zuwa Asiya da Turai da Amurka cikin dare. Filin yakan cika maƙil. Kujera takan yi wuya, wurin caji ya zama abin rububi, layin banɗaki ya miƙe. Gaba kuma akwai tafiyar fiye da awa goma zuwa Guangzhou, wadda mutum zai sauka daga ita ya faɗa kasuwa. A irin wannan daren kujerar da za ka miƙe ƙafa, da wurin ajiye jakar da ke ɗauke da takardunka da kuɗinka ba tare da ka rungume ta ba, da banɗakin da za ka yi alwala a natse, duk sun zama abin saya.

Abin da na fi ɗauka da daraja a duk falo shi ne wanka. Da zarar ka shiga, kafin ka nemi kujera, ka je wurin ma'aikacin da ke kula da ɗakunan wanka ka ba da sunanka, domin layi ake bi, kuma a lokacin cunkoso jiran yakan kai rabin awa ko fiye. In layi ya zo kanka za a ba ka tawul da sabulu, a nuna maka ɗan ɗaki mai kulle, da ƙugiyar rataye kaya da benci. Ruwan zafi na minti goma a bayan wuya, bayan awa biyar ko goma a kujerar da ba ta kwanciya, yana mayar wa mutum hankalinsa. Ka sake riga, ka yi salla ka haɗa wadda za ka haɗa, ka fito kamar yanzu ka baro gida. Saboda haka nake cewa kada a biya kuɗin falo sai an tambaya a bakin ƙofa ko akwai wanka, ko yana cikin kuɗin, kuma ko layin zai bari ka samu kafin lokacinka. Akwai falon da ba shi da shi sam, akwai wanda ke karɓar kuɗinsa daban.

Masu zuwa Umara ta hanyar yada zango sun fi kowa sanin darajar wannan. Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye dole ya kasance cikin harami kafin jirgi ya kai daura da mikati, kuma wankan harami sunna ne. Banɗakin jirgi ko juyawa da ƙyar ake yi a cikinsa, balle ɗaura gyauto da mayafi ba tare da sun taɓa ƙasa ba. Wanda ya tashi daga Kano ya biyo ta Alƙahira ko Addis Ababa ko Doha, in ya samu ɗakin wanka a zangonsa na ƙarshe, sai ya yi wankansa a tsanake, ya ɗaura haraminsa, ya bar niyya sai an kusa mikati. Wanda zai fara da Madina ba shi da wannan damuwar, tunda a Zulhulaifa zai ɗaura. Alhazan da ke tashi daga sansani a jirgin hukuma kai tsaye su ma zancen bai shafe su ba.

Sai tsofaffi. Na ga wani saurayi a wani filin jirgi na ƙasashen Larabawa, tsakar dare, yana tura mahaifiyarsa a keken marasa lafiya, suna kan hanyar dawowa daga asibiti a Indiya. Ya tsaya a bakin falo ya tambayi kuɗi, ya ɗan yi shiru yana lissafi, sannan ya biya na mutum ɗaya.

"Umma, ki shiga ki kwanta, ni ina nan waje kusa da ƙofa."

"Kai kuma fa? Da ka bar kuɗin nan mun ƙara a tsaraba."

"Tsaraba tana nan, Umma. Dubi yadda ƙafarki ta kumbura."

Ya roƙi ma'aikaciyar ta bar shi ya raka ta ciki ya fito. Ya samo mata doguwar kujera a lungu, ya ɗora ƙafafunta a kan matashi, ya haɗo mata shayi, ya rubuta lambar jirginsu da lokacin tashi a takarda ya ba ma'aikaciyar, ya koma waje ya zauna kan jakarsa. Wannan yaron ya fi mutane da yawa masu manyan katuna fahimtar amfanin falo: ya saya wa jikin da ya fi buƙata, ya bar nasa da zai iya jurewa. Haka mai juna biyu, haka mai goyo da ke neman wurin shayarwa da sauya wa jariri ƙunzugu. Keken da saurayin yake tura mahaifiyarsa a ciki ma, ya kamata a sani, kyauta kamfanonin jirgi ke bayarwa tare da mai turawa, in an nema tun wajen yankan tikiti ko kwana biyu kafin tafiya.

Kafin mutum ya zaro kuɗi kuma, ya fara tambayar abin da yake haƙƙinsa. Mutane da yawa sun biya kuɗin falo sau biyu a jere domin su cinye dare, alhali otal na jiransu kyauta. Ethiopian Airlines yana ba fasinjan da jiransa a Addis Ababa ya wuce awa 8 bai kai 24 ba masauki da abinci da mota, in dai da jirginsu ya zo da shi zai wuce, kuma babu wani jirgin da ya fi kusa da zai iya hawa. Kamfanin ma yana da otal ɗinsa, Skylight, da aka buɗe a 2019 kusa da filin. Turkish Airlines yana da irin wannan tsari ga mai ƙaramin tikiti da jiransa ya kai awa 12, da mai babban tikiti da ya kai awa 9, sai dai otal ɗin a cikin gari yake, don haka sai mai izinin shiga Turkiyya, abin da ke hana masu fasfo ɗinmu da yawa cin moriyarsa. A filin Hamad na Doha, wanda aka buɗe a 2014, akwai ɗakunan hutawa na kowa da kowa masu kujerun kishingiɗa, ba a biyan ko sisi. Masallatai da wuraren alwala a Doha da Dubai da Istanbul suna nan birjik, masu tsabta, ba sai an shiga falo ba. In kuma jinkiri daga kamfanin jirgi ne, dokar Tarayyar Turai ta 2004 ta wajabta masa, a tafiyar da ta tashi daga ƙasashenta, ciyar da fasinja idan jinkirin ya yi tsawo, da ba shi masauki idan ya kai ga kwana, kuma dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya suna da makamancin wannan tanadi. Jiran da ya wuce awa takwas gado yake buƙata, kuma kujerar falo komai taushinta ba ta maye gurbinsa.

Wani abin da ya rage wa falo armashi a 'yan shekarun nan shi ne cunkoso. Bankunan Amurka sun raba katuna masu damar shiga ga mutane da yawa fiye da yadda kujeru za su ɗauka, har ta kai ana ganin layi a bakin falo. American Express, wanda ya fara buɗe falonsa na Centurion a Las Vegas a 2013, ya koma karɓar dala 50 a kan kowane baƙo baligi daga farkon 2023, sai ga wanda ke kashe maƙudan kuɗi da katinsa. Kamfanin jirgin Delta ya hana shiga falonsa fiye da awa uku kafin tashin jirgi tun 2022, sannan daga Fabrairun 2025 ya ƙayyade wa masu katin banki adadin shiga a shekara. A wasu ƙasashen ma haka abin yake ta wata fuska: mai falo yana karɓar kuɗi kaɗan a kan kowane mai kati idan aka kwatanta da wanda ya biya a ƙofa ko wanda kamfanin jirgi ya turo, don haka da wuri ya fara cika, masu kati ake fara dakatarwa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kuma lokacin da ka fi buƙatar falon, lokacin da filin ya cika, shi ne lokacin da kowa ke buƙatarsa. Ba laifi ba ne ka ce wa ma'aikacin ƙofa kana son leƙawa kafin ka biya. In ka ga mutane a tsaye da faranti a hannu suna neman wurin zama, ka juya. Sau da yawa in ka taka zuwa ƙarshen filin, wajen ƙofar da babu jirgin da zai tashi nan kusa, za ka tarar da layin kujeru babu kowa, ga wurin caji, ga shiru.

Jira gajere kuwa bai cancanci ko tunani ba. In abin da ya rage maka bai wuce awa ɗaya da rabi ba, ka cire lokacin tafiya zuwa falon, da na komawa ƙofar jirgi, da kusan minti arba'in da ake fara kiran fasinja kafin tashi, ka ga abin da ya saura. Sabon filin Istanbul, wanda aka koma gaba ɗaya a 2019, girmansa ya kai mutum ya yi tafiyar minti ashirin a ƙafa daga tsakiyarsa zuwa ƙofa ta ƙarshe. Falo da yawa ba sa shelar tashin jirgi, da gangan, domin kada a dami masu hutawa, sai dai allo a bango. Ƙofar jirgi kuma ana rufe ta minti goma sha biyar zuwa ashirin kafin lokacin da ke kan tikiti. Ga kuma bambancin agogo: Addis Ababa da Doha da Istanbul suna gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, Dubai da awa uku. Wanda ya yi wanka ya ci ya ƙoshi ya kishingiɗa, agogon hannunsa na kan lokacin gida, barci na iya ɗauke shi ya farka jirgi ya tafi, kuma kamfani ba ya ɗaukar nauyin wanda ya makara da kansa. Ka gyara agogo tun kana sauka, ka saita ƙararrawa a waya kafin ka zauna.

Saura fuska ta biyu, ta girma, wadda ita ce ta fi jan mutanenmu, kuma ita ce ba na goyon bayan a kashe mata kuɗi. Na san masu biyan kuɗin falo a tafiyar awa ɗaya daga Abuja zuwa Kano domin kada a gan su zaune cikin jama'a, ko domin su ɗauki hoto da kofin shayi su watsa. Dukiyarsu ce, amma wannan ɗabi'ar tana da wani sakamako da ya wuce aljihun mai ita. A filayen jiragenmu, ban da falon kuɗi, akwai ɗakin manyan baƙi na gwamnoni da ministoci da 'yan majalisa, inda ake kai musu takardar shiga jirgi har kujera, a ɗauke su a mota zuwa gindin jirgi. Mutanen da ke da ikon sa a gyara na'urar sanyaya ɗaki, a ƙara kujeru, a sa ruwa ya zo a famfon banɗaki, su ne ba sa taɓa zama a zauren da waɗannan abubuwa suka lalace. Duk mai murya da ya tsallake zuwa falo, zauren jama'a ya rasa mutum ɗaya da zai yi magana a saurara. Abin yana damuna, domin a wannan zauren ne tsohuwar da za ta je ganin jikokinta take zama, da ɗalibi, da marar lafiyar da aka tara wa kuɗin tikiti da karo-karo.

Kuma waɗannan mutanen sun riga sun biya. A cikin kowane tikiti akwai kuɗin hidimar fasinja da ake karɓa domin hukumar filayen jirgi, wanda a Najeriya aka ɗaga shi a 2020 zuwa naira 2,000 a tafiyar cikin gida da dala 100 a doguwar tafiya zuwa ƙasar waje. Dala 100 ta ninka dala 40 ɗin shiga falo da muka lissafa fiye da sau biyu. Wanda ya biya ta yana da haƙƙin ya samu kujerar zama, da ruwan sha, da wurin cajin waya, da banɗaki mai ruwa, da wurin alwalar da ba zai jiƙa masa tufafi ba, kuma in bai samu ba yana da haƙƙin ya nemi ofishin kare haƙƙin fasinja da ke cikin filin ya shigar da ƙorafi a rubuce, da kwanan wata da lambar jirginsa.